Kwat ɗin Dare Biyu a Kan Teku

Jiya ka yi mini tambaya ina tsakiyar yanka, ka ga na yi shiru. Ba share ka na yi ba, ɗana. Wanda almakashinsa ke cikin yadi mai tsada ba ya hira. Yanzu da aka ɗauke wuta, kekuna duk sun tsaya, jawo benci ka zauna.

Cewa ka yi: "Oga, kwat ɗin nan na Alhaji dare biyu kacal zai sa shi a jirgin ruwa. Me ya sa za mu kashe masa mako uku da gwaji har sau uku? Mu ɗinka irin na ofis mana, mu manna gam, mu sa wa kwalar ƙyalli. Kuma ma mutum da babbar rigarsa, me ya kai shi kayan Turawa?" Tambaya biyu ka haɗa, kuma ta biyun ta fi nauyi, don haka zan bar ta sai ƙarshe.

Tela ba ya yanka sai ya san inda riga za ta. Jirgin da Alhaji zai hau sunansa Queen Mary 2, na kamfanin Cunard, wanda tun 1840 jiragensa ke tsallaka tekun Atlantika da fasinja da wasiƙu. A Faransa aka ƙera shi, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja sama da 2,600. Daga Southampton ta Ingila zai tashi, ya kwana bakwai a kan ruwa kafin ya isa New York. Jirgin sama cikin awa takwas ya gama wannan tafiya. Duk wanda ka ga ya zaɓi kwana bakwai, ba sauri yake yi ba. Zaman ya biya wa kuɗi, kuma fitowa cin abincin dare cikin shiga ta alfarma yana cikin abin da ya saya.

Da rana kowa na yawo da abin da ya ga dama. Ƙarfe shida na yamma na yi, doka ta sauya. A dararen yau da kullum ana son riga mai kwala da wando na mutunci, ba gajeren wando, ba silifas. Sai kuma darare biyu cikin bakwai ɗin da aka ware na biki, su ne aka rubuta a takardar da Alhaji ya nuna mini: namiji ya sa taksido, wato kwat ɗin biki na dare irin wanda muke ɗinka wa Alhaji, ko kwat mai duhu da laktaye, mace ta sa doguwar rigar dare. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya ba a hana shi abinci, akwai wurin ɗebi-da-kanka mai suna Kings Court. Amma babban ɗakin cin abinci na Britannia da zauren rawa na Queens Room, a daren nan na waɗanda suka yi shiga ne. Wasu kamfanonin jiragen sun daɗe da sakin wannan al'ada, irin su Norwegian, inda ba a tilasta wa kowa. Cunard ya riƙe tasa, kuma da yawa cikin fasinjojinsa saboda ita suke zuwa. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura.

Shi taksido ɗin, aikin tela ne irinmu. A 1865 shagon Henry Poole da ke layin Savile Row a Landan ya ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, gajeren kwat na cin abincin dare a gida, don ya huta da dogon nan mai wutsiya biyu a baya. Da salon ya tsallaka Amurka, sai aka laƙaba masa sunan wata unguwar attajirai kusa da New York, Tuxedo Park, inda aka gan shi a 1886. Tun daga nan har yau siffarsa ba ta sauya sosai ba. Wannan shi ne wahalar aikin. Kwat ɗin ofis kowa da irin nasa, ka yi kuskure a ce salo ne. A daren bikin nan maza ɗaruruwa ne cikin kaya iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin fitilu masu haske. Ba launi da zai ɓoye maka aibi, ba zane. Abin da ya rage a gani shi ne yadi da zaman ɗinki a jiki.

Ka tuna ranar da na hana ka yanke hukunci kan yadin da rana, na ce sai bayan Isha mu duba shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki? Baƙin yadi mai araha da rana baƙi ne wuluk, amma fitila na dukansa sai ya koma ruwan toka, wani ya yi kore-kore, wani ya yi ja-ja kamar tsohuwar lema. Araha ba ta ado. Shi ya sa na zaɓi ulu zalla, mara ƙyalli, kuma shuɗi ne mai tsananin duhu, wanda da dare ya fi baƙi baƙi. Turawa sun san wannan tun zamanin kakanninsu, kai kuma ba baƙon abu ba ne a wurinka. Ka je Ƙofar Mata ka ga ƙyallen da aka tsoma a baba sau da yawa har ya ƙoshi, ka ajiye shi kusa da baƙin kanti da daddare, ka ga wanne ya fi cika ido.

Ƙyallin da ka ce mu sa wa kwala, e, ana sawa, amma da ƙa'ida. Kwalar iri biyu ce: mai tsini da ke kallon kafaɗa, ko mai zagaye da ke saukowa kamar an yafa mayafi. Alhaji mai jiki ne, na ba shi mai tsini don ta ja ido sama. Maɓalli ɗaya ne a gaba, a lulluɓe da satin ɗin kwalar. Aljihu ba shi da murfi. Wando yana da zirin satin guda a kowane gefe tun daga ƙugu har ƙasa, ba naɗi a ƙafa, ba madaukan bel, igiyar kafaɗa ce ke riƙe shi. A ƙugu akwai ɗamara mai faɗi, wadda sojojin Ingila suka aro a Indiya, ninkinta na kallon sama. Amfaninta kada farar riga ta leƙo tsakanin maɓalli da wando. Laktayen kuwa ƙarami ne, mai siffar malam-buɗe-littafi.

Akwai abin da telan Landan ba zai yi tunaninsa ba, kai kuwa dole ka yi. Asalin wannan ƙyalli alharini ne, kwala da ɗamara da laktaye duka. Alhaji Musulmi ne, kuma ka san an hana namiji sa alharini sai ɗan abin da bai wuce faɗin yatsa huɗu ba. Kwalar nan kaɗai ta kusa haka, balle ɗamara. Shi ya sa na yi ta yawo a kasuwa har na samo satin da ba na alharini ba, mai nauyi, wanda ƙyallinsa bai yi kamar leda ba. Maɓallan hannun riga ma na ce ya nemi na azurfa, kada wani ya sayar masa da na zinariya. Hannun farar rigar kuma na ƙara masa faɗi yadda zai naɗe har ya wuce gwiwar hannu, don Magariba da Isha za su riske shi cikin kayan, kuma alwala ba ta jira a tashi daga biki. Bai roƙe ni ko ɗaya cikin waɗannan ba. Wanda ya ba ka awon jikinsa ya ba ka amana ne, har da abin da ya manta bai faɗa ba.

Maganar gam kuwa, a jikina na koye ta. Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo mini irin wannan aiki saura kwana shida ya tashi. Na karɓa don kwaɗayin kuɗin, na manna gam a ƙirjin kwat ɗin da dutsen guga, ya fito sumul, ya tafi yana murna. Bayan daren farko ya ba masu wankin jirgi su goge masa. Tururi na shiga, gam ya saki, ƙirjin ya yi ƙuraje kamar fentin da ruwa ya shiga bayansa. Daren biki na biyu a ɗakinsa ya ci abinci, matarsa ta fasa sa rigar da ta ɗinka don daren. Da ya dawo bai ɗaga mini murya ba. Ya shimfiɗa kwat ɗin a kan teburin nan ya ce in duba. Na mayar masa da kuɗinsa, amma daren da na ɓata musu ba ni da hanyar mayarwa, kuma har yau abin na ci mini rai. Tun daga ranar, kwat irin wannan kambas nake sa masa a ciki, wato yadi mai tauri mai gashin doki, in kama shi da allura da hannu, ɗinki ƙanana a jere, ina lanƙwasa kwalar a kan yatsana ina tafiya. Shi ke sa kwala ta kwanta da kanta kamar ganye, ba ta karye kamar takarda ba. Kwana huɗu yake ci. Yawancin makonni ukun da kake ƙorafi a kansu a irin wannan aiki suke tafiya, cikin abin da ba wanda zai gani.

Gwaji uku kuma kowanne da aikinsa. Na farko da farin zare aka kama shi, don a ga kafaɗa da tsawo. A na biyu zai zo da ainihin rigar da takalmin da zai sa, don hannun riga ya leƙo rabin inci daga na kwat, ƙafar wando kuma ta taɓa takalmi ba tare da ta taru ba. Jirgi yana tangaɗi in teku ta tashi, ga matakala ko'ina, dogon wando na iya kayar da dattijo. A na uku sai in zaunar da shi a kujera, in ce ya miƙa hannu kamar zai ɗauki cokali. Abincin nan kwano bayan kwano ake kawowa, sai a yi awa biyu a zaune, don haka a zaune za a fi ganinsa. In kwala ta rabu da wuyansa ta baya, aiki bai yi ba, sai a kwance. A ƙugu ina barin inci guda na sarari, don kwana bakwai na cin abincin jirgi ba ya barin ciki yadda ya same shi.

Ka kuma sani ba a barin fasinja ya shiga da dutsen guga ɗakinsa, don ba abin da jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Akwai ɗakunan wanki da guga na kowa da kowa, amma yammacin daren biki layi ake yi. Ulu mai kyau in an rataye shi a banɗaki aka saki ruwan zafi, tururi kaɗai ya isa ya miƙar da shi. Ranar da zai karɓa kai za ka nuna masa ninki: a juya kafaɗa ɗaya ciki waje, a cusa ɗayar a cikinta, shafi ya koma waje ya kare satin.

To, babbar riga. A nan ina tare da kai. Dokar ta yarda da kayan alfarma na ƙasar mutum. Mutanen Sukotlan suna fitowa da ɗan zanen nan nasu na maza mai ninki, ba mai ce musu uffan, sai ma sha'awa. Ni na ce wa Alhaji ya raba: dare ɗaya taksido, dare ɗaya babbar riga. Cikin jigogin da suke sa wa dararen akwai na baƙi da fari, ka ga farar shadda mai aikin aska da baƙar hula ta shiga dokar ba tare da ta roƙi alfarma ba. Amma na gargaɗe shi kada ya fita da kaftani kaɗai. Kaftani daidai yake da kayan sauran darare. Abin da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da taksido a wurinmu shi ne cikakkiyar shiga: babbar riga, 'yar ciki, wando da hula. In za ka wakilci gida a gaban baƙi, da kayan Sallah ake yi.

Sai dai ba irin ta hawan daba za mu yanka ba. Yadi goman nan ba duka zai shiga ba. Faɗinta zai tsaya a wuyan hannu, tsawonta a saman idon sawu. Teburin mutum shida ne ko takwas, kujeru a matse, ga kofuna da cokula jere a gaban kowa, ga masu kawo abinci na ratsawa ta baya. Hannun riga mai yalwa in ya zamo daga kafaɗa, a cikin miyar maƙwabci zai sauka. In ya fita shan iska bayan abinci, iskar Atlantika za ta cika rigar kamar tanti. Kuma shadda ba ulu ba ce, in ta yamutse tururi ba ya miƙar da ita, ga shi ba mai bugu a tsakiyar teku. Za mu kai ta wurin masu bugu a ƙarshe, a ninke ta a kan layinsu, mu sa farar takarda tsakanin ninki da ninki, ta kwanta a saman akwati ba a ƙasa ba. Kada a cika mata sitati, don ba a son mutum na motsi rigarsa na ƙara a wurin da ake magana ƙasa-ƙasa.

Ga wuta ta dawo. Je ka wanke hannunka da sabulu ka tsane shi sosai, satin ba ya yafe maiƙo. Ɗauko ragowar ƙyallen da ke ƙarƙashin tebur ka fara gwada ɗinkin kwalar a kansa, kada ka taɓa na gasken tukuna. Fil kuma a bakin ƙyalle kaɗai za ka soka, inda ɗinki zai rufe, don hudar allura a satin ba ta ɓacewa. In ka gama layi biyu kawo in gani.