Kashe Restricted Mode da SafeSearch don karatun ungozoma

Kin ce YouTube yana ɓoye miki bidiyon darasin haihuwa, Google ma yana dusashe hotunan tiyata, ke kuwa karatun ungozoma kike yi. Matatan Restricted Mode na YouTube da SafeSearch na Google ne suke yin haka, kuma ana iya kashe su, 'yar'uwa. A manhajar YouTube ki shiga Settings, sai General, ki kashe Restricted Mode. Shi ne ma yake hana ki ganin sharhin mutane a ƙasan bidiyo. Kashe shi a waya bai shafi kwamfuta ba, sai kin sake yi a can. Na Google kuwa, ki buɗe google.com/safesearch, akwai zaɓi 3, Filter da Blur da Off, ki danna Off.

Idan kin ga alamar kwaɗo kuma ya ƙi motsi, to wataƙila ba daga wayarki ba ne. Na sha ganin haka a Wi-Fi ɗin makaranta, inda masu kula da intanet suka kulle shi tun daga can. Ki gwada da datarki. Amma don Allah, in ƙannenki suna ɗaukar wayar nan, ki sake kunna su da zarar kin gama karatu, domin ba darasin asibiti kaɗai suke tarewa ba.