Amurka ta hana Kaspersky, ni ma in guje shi?

Wani mai shagon buga takardu a Samaru, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, ya rubuto: "Kwamfutoci uku gare ni, kullum ɗalibai na kawo filash. Makon jiya wata ɗaliba ta kawo aikinta na kammala digiri, muna soka filash ɗin sai fayilolinta suka koma wasu alamomi da ba sa buɗuwa, ta zauna a kan benci tana kuka. Ina son sayen Kaspersky, manhajar riga-kafin bairos na kwamfuta, amma an ce Amurka ta hana shi. Wani yaro kuma ya ce zai saka mini wanda aka fasa, wato na jabu marar lasisin gaske, da ɗan kuɗi kaɗan."

Malam, kafin komai, idan filash ɗin yana nan kada a goge shi. Irin wannan bairos galibi ɓoye fayiloli yake yi, ba ya share su. A cire bairos ɗin daga filash ɗin da manhajar riga-kafi, a buɗe saitin nuna ɓoyayyun fayiloli, in sha Allahu aikinta yana ciki.

Shi kuwa Kaspersky kamfani ne mai tushe. A 1989 wani bairos mai suna Cascade ya shiga kwamfutar Eugene Kaspersky, irin wanda ke sa haruffa su riƙa zubowa ƙasan allo kamar ganyen bishiya a hunturu. Eugene ya zauna ya gano yadda bairos ɗin yake aiki, ya rubuta maganinsa, daga nan ya shiga tara samfurin bairos iri-iri. A 1997 shi da Natalya Kaspersky da Alexey De-Monderik suka kafa kamfanin a Mosko. Ya bunƙasa har masu bincikensa suka kasance cikin waɗanda suka bankaɗo Flame a 2012, wata manhajar leƙen asiri da ta addabi Gabas ta Tsakiya.

Abin da ka ji gaskiya ne. A 2017 Amurka ta cire shi daga kwamfutocin gwamnatinta, a Yunin 2024 kuma ta hana sayar da shi a ƙasar baki ɗaya, bisa tsoron gwamnatin Rasha za ta iya tilasta wa kamfanin miƙa bayanai. Kamfanin ya musanta, tun 2018 ma ya fara mayar da sarrafa wasu bayanan abokan cinikinsa zuwa Zurich. A ganina wannan fargaba ce ta masu riƙe da sirrin ƙasa. Kai abin da ke barazana ga shagonka shi ne filash ɗin da ya zaga kwamfutoci goma kafin ya iso teburinka, kuma a wannan aikin Kaspersky gwani ne.

Wanda aka fasa ɗin ne nake roƙonka ka rabu da shi. Manhajar riga-kafi da sabuntawa take rayuwa, jabu kuwa kwana kaɗan ake rufe lasisinsa, sau da yawa ma a cikinsa ake cusa cutar. Araha ba ta ado. Ka sayi lasisin gaske mai ɗaukar na'urori uku. Idan aljihu bai kai ba, Microsoft Defender da ke cikin Windows kyauta yake, zai riƙe ka matuƙar kana sa data yana sabuntuwa. Ka ware kwamfuta ɗaya ta zama ita kaɗai ake soka wa filash.

Wata ɗaliba daga Kongo, Zariya, ta tambaya ko wayarta ta Android na buƙatar riga-kafi na kuɗi.

'Yar uwa, riƙe kuɗinki. Ki tsaya ga Play Store, ki bar Play Protect, mai binciken manhajoji da ke cikin Play Store, a kunne, kada ki saka manhajar da aka turo miki ta WhatsApp. Lambar sirrin da banki ya turo miki kuma kada ki karanta wa kowa ita a waya, ko da ya ce daga bankin yake kira.