Filin Tambaya da Amsa: A wanke hannu, to da wane ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a Marwa, ƙasar Kamaru, 'ya'yana uku. Duk damina ma'aikatan lafiya kan zagayo da lasifika suna cewa mu wanke hannu da sabulu, mu tafasa ruwan sha don gudun kwalara. Amma burtsatsen unguwarmu ya fi wata biyar da lalacewa. Ruwa sai mun saya wajen masu kura, ranar da babu kuɗi kuwa yara su je su tono a yashin mayo, wato kogi. Maigidana ya ce lafiya ta Allah ce, gwamnati ba ruwanta da abin da ke cikin randarmu. Inna, alhakin wane ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaishe mini da maigida, ki ce na yarda lafiya ta Allah ce. Amma maganar randa ban yarda ba, domin na ga abin da ruwan randa ke yi da idona.

A 2010 ina aikin jinya a wata ƙaramar cibiyar lafiya a jiharmu ta Arewa Mai Nisa lokacin da kwalara ta ɓarke. A shekarar sama da mutum 10,000 suka kamu a Kamaru, fiye da 600 suka rasu, mafi yawa a yankinmu. Gadajen da muke kwantar da su na leda ne mai rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, gudawa na zuba fara fat kamar ruwan wankin shinkafa. Har yau ina tuna wata mata da aka kawo a babur, an sa ta tsakanin mijinta da ɗan'uwanta don kada ta faɗi. Na tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya a tsunkule ba ta koma ba. Matar nan mai tsafta ce, ƙumbunanta a yanke, zaninta a wanke. Rijiyar ƙauyensu ce ba murfi, ruwan sama ya kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba ciki. Babu wankin hannun da zai kare ta daga wannan.

Don haka wayar da kan da kike ji a lasifika aikin gwamnati ne, kuma yana da amfani, kada ki raina shi. Sai dai rabin aikin ke nan. Wanda ya ce ki wanke hannu, shi ne kuma ya kamata ya tabbatar akwai ruwan wankewar. Dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ɗora wa ofishin magajin gari samar da ruwan sha da tsaftar gari, ita kuma Ma'aikatar Lafiya nata ne sa ido kan annoba, rigakafi da jinya. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, amma namu bai kai ko rabin haka ba. Giɓin a aljihun irin maigidanki yake faɗawa.

Ba zan ce ba a yi komai ba, zai zama rashin adalci. Tun 2016 ake bin gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 ƙwayar kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata cikin damina. Allurar sanƙarau da aka fara a 2011 ta kwantar mana da cutar da a da take kwashe yara duk bazara. A Janairun 2024 kuma Kamaru ce ƙasa ta farko da ta shigar da allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum. To hukumar da ta san hanyar ƙofar gidanki ta kawo ƙwaya, ta san hanyar burtsatsenku.

Ku haɗu ku matan unguwa, ku sa a rubuta takarda, mai unguwa ko jauro ya sa hannu, a kai ofishin magajin gari, a buga hatimi a kwafin da za ku riƙe. Ku kai wani kwafin ga kwamitin lafiya na yankinku, su ne ke zama da shugaban cibiyar lafiya. Koken baki kan ɓace a hanya, shi ya sa nake nanata takarda.

Kafin a gyara, ruwan mayo kada ya shiga bakin yaro sai ya tafasa, randa a rufe, moɗa ɗaya. Idan wani ya fara gudawa, ki dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, yana kurɓa kuna tafiya asibiti. Kada ku jira gari ya waye.

Tambaya: Inna, matata na da ciki wata huɗu, muna Garwa. Takardar nan ta masu ciki da ake saya, gaskiya ce ko cin kuɗi?

Amsa: Gaskiya ce ɗana. Chèque santé ake ce mata, sefa 6,000 ce, jaka shida ke nan. Ta ƙunshi awon ciki, haihuwa, tiyata idan ta kama, da kula da uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Ka tambaya ko cibiyar da take awo tana cikin shirin, ka karɓi rasit, kuma ka raka ta awon gaba da ƙafarka.