Kyanwarki ta makance? Ba ƙarshenta ke nan ba

'Yar'uwa, kin ce kyanwarki ta makance, tana ta karo da kujeru, ko za ta iya rayuwa haka? Sarai kuwa. Dama da hanci da kunne da gashin baki take gane hanya, don haka kada yara su aske mata shi. Ki bar kwanon abincinta inda ta saba, a daina sauya wa kujeru wuri. A rufe rijiya, a hana ta fita titi. Ki yi mata magana kafin ki taɓa ta, in ba haka ba ki sha yakushi.

Amma in farat ɗaya makantar ta zo, kuma kyanwar tsohuwa ce, ki garzaya wurin likitan dabbobi ya duba hawan jini. In an kama shi da wuri, ganin kan dawo wani lokaci.