Amsa ga mai tambaya kan bitamin ga Baba da za a fara wa gashin dajin maƙogwaro

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin tambayi wane bitamin za ki saya masa kafin a fara gashin, wato ƙona ciwon dajin da hasken na'ura a asibiti. Ni na yi jinyar yayana da irin wannan ciwo a asibitin koyarwa na UDUTH nan Sakkwato, kuma shawarata ki riƙe kuɗin ƙwayoyin nan, ki zuba su a abinci.

Gashin dajin kai da wuya yakan ɗauki mako 6 zuwa 7. Daga mako na biyu ko na uku baki ke fara gyambo, yawu ya ƙafe, abinci ya daina ɗanɗano. Nan ne rama ke shigowa, kuma ita ce abin tsoro: abin rufe fuskar da aka auna masa don riƙe kansa lokacin gashi sai ya yi masa yawa, wani lokaci har a tsayar da magani. Don haka ku riƙa auna nauyinsa duk mako, ku rubuta.

Jikinsa na neman furotin, sinadarin gina jiki, kamar giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 60 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa kusan 6 ne kawai. Mu kunun gyaɗa ya riƙe mu, mai kauri, da madarar gari a ciki. Sai fura da aka dama ta yi laushi da kindirmo, ba yaji ba citta, da dafaffen ƙwai a murƙushe, awara, da tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa ko kuka, don yauƙinta na taimaka wa haɗiya. A sa man shanu. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba mai zafi ba. Kunun tsamiya da lemo suna ƙona gyambon. Ensure, abin sha na gina jiki da ake sayarwa, yana da amfani ranar da komai ya ƙi wucewa, in da hali, amma ba magani ba ne.

Ƙwayoyin kuwa a yi hattara. Wani bincike a Kanada kan majinyata 540, da aka wallafa a 2005, ya nuna waɗanda aka ba bitamin E mai yawa lokacin gashi ciwon ya fi dawo musu. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: garin zogale, habbatus sauda, nonon raƙumi. Ki yi godiya ki ajiye, ki kai wa likita ya gani tukuna. Ɗanyen nono dai sai an tafasa, garkuwar jikinsa za ta yi rauni. In an haɗa masa da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) na cisplatin, ƙoda na buƙatar ruwa sosai, balle da zafin garin nan.

Ya riƙa kurkure baki da gishiri da bekin soda, ƙaramin cokali ɗai-ɗai a lita ɗaya ta ruwa. Bekin soda fa, ba kanwa ba.

In likita ya kawo zancen robar abinci ta hanci, kada dangi su hana. Yayana ya daɗe yana ƙi, wai alamar ƙarshe ce. Da ita ya kammala gashinsa, aka cire bayan bakin ya warke. Ki tambaya tun yanzu a haɗa ku da mai kula da abincin majinyata na asibitin, kafin haɗiyar ta fara wuya.