Amsa a kan nuna wa ma'aikaci takardar farashin abokin sana'arsa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ka karɓi ƙiyasin farashi daga mutum uku a kan sauya rufin gidanka, sai ya zama wanda hankalinka ya fi kwanciya da shi shi ne ya fi tsada, kana kuma son sanin ko laifi ne ka ɗauki takardar wanda ya fi araha ka nuna masa domin ya sauko. Ni kafinta ne, aikin rufi shi ne sana'ata tun ina saurayi, na rubuta irin waɗannan takardu, an kuma sha kawo mini na wasu, saboda haka zan faɗa maka yadda lamarin yake daga ɓangarenmu. Neman farashi a wurin mutum uku ko biyar haƙƙinka ne, kuma babu ma'aikacin kirki da zai ji haushi a kansa. Neman ragi ma haƙƙinka ne. Abin da ba zan ba ka shawarar ka yi ba shi ne ka ɗauki takardar wani ka miƙa wa wani.

Takardar da ke hannunka ba adadin kuɗi kawai ba ce. Kafin mutumin nan ya rubuta ta, ya bar wani aiki ya zo gidanka, ya hau tsani, ya ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya leƙa cikin silin ya ƙwanƙwasa katako domin ya ji wanda gara ta cinye, sannan ya koma ya zauna ya lissafa yawan kwano da tsawon kowanne, da katako, da ƙusa, da kwanakin da yaransa za su yi, ya kuma kira dila mai sayar da kayan gini ya tambayi farashin ranar. Duk wannan bai karɓi ko sisi a kansa ba, ya yi shi ne bisa fatan za a auna shi da sauran a kan adalci. Idan ka miƙa takardar ga abokin takararsa, ka ba wancan awo da lissafi da tsarin aiki kyauta, abin da ya rage masa kawai shi ne ya rage ɗan wani abu a ƙasan shafi ya karɓe aikin. An taɓa turo mini hoton irin wannan takarda a waya, an naɗe saman ta yadda sunan mai ita ba zai fito ba, an rubuta a ƙasa cewa in zan iya yin ƙasa da haka aikin nawa ne. Na ba da haƙuri, na ce zan zo in yi awona da kaina, domin wanda ya turo mini takardar wani yau, tawa zai tura wa wani gobe.

Akwai kuma batun lokaci, wanda a kansa ne mutane suka fi rikicewa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ko ya yi tayi a kan tayinsa. Imam Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa hanin yana farawa ne idan mai kaya ya riga ya karkata ga mai taye, sun shiga tsara sharuɗɗan ƙarshe. Amma kayan da aka fito da su domin kowa ya taya, babu laifi mutane da yawa su taya. Da wannan ma'aunin nake duba sha'anin ƙiyasi. Muddin ba ka ce wa kowa ka ba shi aikin ba, ƙofa a buɗe take, kowa ya kawo nasa. Ranar da ka ce wa ɗayansu ya shirya, ko kuka sa ranar farawa, ko ka ba da kafin alƙalami, magana ta ƙare, ba ka da damar ci gaba da yawo da farashinsa, kuma ma'aikacin da ya san an kai nan ya zo ya karya farashi domin a ƙwace aikin a ba shi, ya yi abin kunya. Ba a banza hukumomi suke karɓar takardun neman kwangila a rufe, su buɗe su a lokaci ɗaya a gaban kowa ba. Manufar ita ce kowane mutum ya faɗi farashinsa na gaskiya ba tare da ya leƙa na wani ba, kuma wannan manufar ba ta canzawa don aikin ya zama ƙarami.

Ko da an ajiye batun ladabi gefe, dabarar ba ta cika yi wa mai aiki, wato mai gidan da ke ba da aikin, amfani ba. Kafin ka ce wancan ya fi araha, ka shimfiɗa takardun uku a kan tebur ka bi su layi bayan layi. Kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 kamanninsu ɗaya daga ƙasa, amma farashinsu da ƙarkonsu ba ɗaya ba ne. Ka duba ko katakon da aka rubuta wanda aka shafa wa maganin gara ne, ka tambayi tazarar da za a bari tsakanin katakan da kwano zai kwanta a kansu, domin wanda ya faɗaɗa tazarar ya rage katako ya rage kuɗi, kai kuma ba za ka sani ba sai an yi iska mai ƙarfi. Ka duba wa zai sauke tsohon rufi ya kwashe tarkace, wa zai biya kuɗin mota, kuma idan yoyo ya bayyana a damina ta farko wa zai dawo ya gyara. Sau da yawa idan aka yi wannan tankaɗe, sai a tarar ratar da ta firgita mutum ta ragu ƙwarai, wani lokaci ma ta juye. Idan kuwa ka matsa wa mai tsadar ya sauko daidai da farashin da bai ƙunshi abin da nasa ya ƙunsa ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya ce albarka ya tafi, ko ya karɓa ya nemi inda zai fanshe a cikin aikin, a wurin da idonka ba ya kaiwa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Hanyar da ta fi, a ganina, ita ce ka kira wanda kake so ka gaya masa gaskiya: ka karɓi farashi daga wasu, nasa ya fi, kai kuma shi kake so, ga iyakar abin da za ka iya biya. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba, ba sai ka nuna takarda ba. Ka tambaye shi abin da za a iya ragewa ko a jinkirta ba tare da an taɓa ingancin rufin ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ce maka wannan ana iya barinsa sai baɗi, wancan kuwa ba a wasa da shi. Ka guji ƙirƙiro farashin da babu wanda ya ba ka domin ka tsorata shi, wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu sana'a ɗaya sun san juna, suna haɗuwa a wurin dila. Bayan ka yanke shawara, ka sanar da sauran biyun cewa ka ba wani, ka yi musu godiya. Saƙo ne na layi biyu, amma yawancin masu ba da aiki ba sa turawa, sai su bar mutum yana riƙe da kwanakin da zai iya sayar wa wani.

Tun da akwai 'yan'uwana masu sana'a da ke karanta wannan, ba zan tsaya a kan mai aiki kaɗai ba. Tambayar nan ta "nawa wancan ya ce maka?" ba ta dace da mu ba, haka ma kushe aikin wanda ba ya wurin domin a samu shiga. Idan ka ga giɓi a ƙiyasin wani, ya ishe ka ka bayyana abin da naka ya ƙunsa da dalilinsa. Mafi muni shi ne haɗa baki, wato mutum biyu su ɗaga farashi da gangan domin na ukunsu ya zama kamar mai sauƙi, gobe kuma a juya. Wannan ɗan'uwan najashi ne da shari'a ta hana, inda wanda ba ya nufin saye yake ƙara tayi domin ya yaudari mai saye na gaskiya. Dokokin zamani ma ba sa ɗaukarsa da wasa: a shekarar 2009 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Birtaniya ta ci tarar kamfanonin gini 103 fiye da fam miliyan 129, mafi yawa a kan irin wannan farashi na rufa-ido, kodayake kotu ta rage wa wasunsu daga baya. Wanda ba ya son aiki ya ce ba zai samu dama ba, ya fi masa mutunci.

Sannan abin da muke kuka da shi a wurin masu aiki, mu ma muna yi wa diloli. Mutum zai sa dila ya lissafa masa kaya, ya ba shi farashi na musamman, ya yi amfani da shi ya ci aikin, da kuɗi sun shigo hannu sai ya ɗauki wannan farashin ya zagaya da shi shaguna yana neman wanda zai rage. A manyan kwangiloli wannan ɗabi'a ta yi ƙamari har jihar Kalifoniya a Amurka ta kafa doka cewa mai neman kwangilar gwamnati sai ya rubuta sunan duk ƙaramin ɗan kwangilar da aikinsa ya wuce rabin kashi 1 cikin 100 na jimillar kuɗin, kuma ba zai sauya shi bayan ya ci ba sai da dalilin da doka ta amince da shi. Shi ma dila yana da nasa nauyin: kada ya zagaye ma'aikacin da ya kawo masa ciniki ya tafi wurin mai gida kai tsaye, kuma ya faɗi kwanakin da farashinsa zai tsaya, domin mu ma mu rubuta wa'adi a takardunmu. Rangwamen da dila yake yi wa ma'aikaci halas ne idan an yi jinga a kan kaya da aiki gaba ɗaya. Amma idan mai gida ya ba ka kuɗi ne ka sayo masa a matsayin wakili, ragin nasa ne sai in ya yafe maka da saninsa, kuma rasiɗin da aka ƙara wa kuɗi ha'inci ne ko da kowa yana yi.

Abu ɗaya ya rage game da takardar nan mai araha. Idan ratar da ke tsakaninta da sauran biyun ta yi yawa ainun, to mai yiwuwa kuskure mai ita ya yi, ko ya manta wani ɓangare na rufin, ko ya lissafa da tsohon farashi. A wata shari'a da kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1958, tsakanin wani ɗan kwangila mai suna Drennan da kamfanin Star Paving, kamfanin ya ba da farashin dala 7,131.60 na aikin shimfiɗa kwalta a wata makaranta, washegari ya ce kuskure ne, ɗan kwangilar ya nemi wani ya yi aikin a kan dala 10,948.60, kotu kuma ta sa kamfanin ya biya ratar, saboda ɗan kwangilar ya riga ya dogara da farashin kamfanin. Sai dai kotun ta nuna cewa da ɗan kwangilar yana da dalilin gane cewa kuskure ne, da ba shi da hujjar dogara da shi. Saboda haka, Malam, kafin ka auna kowa da wannan takarda, ka kira mai ita ka karanta masa jerin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye shi ko duk suna ciki, ka kuma ba shi dama ya sake duba lissafinsa. Idan ya tabbatar, kuma kaurin kwanonsa da katakonsa daidai suke da na sauran, to farashinsa ya cancanci ka duba shi da kyau, har ka je ka ga wani rufin da ya taɓa yi wanda ya sha damina biyu ko uku.