Malam, Da Na Buɗe Littafi Sai Kwaɗayi Ya Taso

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Jidda ina karanta tattalin arziki, wallahi da na buɗe littafi da daddare sai kwaɗayi ya taso, yau soyayyar kazar gidan abincin Albaik gobe shawarma jibi sai ka gan ni a tasi zuwa unguwar Karantina neman tsire da masa, kuma fa na ci abincin dare, kuɗin alawus ɗina ko ashirin ga wata ba ya kaiwa. Jarabawa ta matso, don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikassalam ɗana. Kai da ake koya wa maganin abin a aji kuma kake tambayata? To bari in yi maka bita.

Tun 1890 masanin tattalin arziki Alfred Marshall na Ingila ya yi bayanin cewa duk abin da ka ƙara samu daɗinsa raguwa yake. Yankan kaza na farko da tafarnuwar nan, ba musu, ya biya kuɗinsa, na biyu ma ba laifi, amma na huɗu fa ba kwaɗayi ke ci ba, kai ne kake turawa don kar a ce kuɗinka ya tafi a banza, alhali kuɗin ya riga ya tafi ko ka cinye ko ka bari, a littafinku akwai babi guda a kan wannan kuma na san ba ka kai wurin ba saboda kana layin karɓar oda.

Sannan farashin kabsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa, ƙarfe sha ɗayan dare ba riyal ɗin da ka miƙa ba ne kawai. Ka haɗa da abin da ka rasa, wato awa biyun da za ka yi kana gyangyaɗi a kan shafi ɗaya. Nan asarar take, kuma ba a rubuta ta a rasit.

Batun ƙarewar alawus kuwa Ernst Engel Bajamushe ya gano shi tun 1857, mai ƙaramin samu kaso mafi girma na kuɗinsa a ciki yake ƙarewa. Ga harajin kaya da Saudiyya ta mayar kashi 15 a Yulin 2020, ga lemon ƙara kuzari da kuke sha don hana barci wanda aka ɗora wa harajin kashi 100 tun 2017, kai ɗana ba ƙaramin taimakon baitulmali kake ba. In kuma daga gida baba ke turo naira, riyal na ɗaure da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya tun 1986, duk faɗuwar naira a shawarmarka take sauka.

Ni a ganina ba yunwa kake ji ba, littafin ne ya yi tsada a ranka, ciki kuma ya kawo maka abu mai araha. To ka juya farashin. Goge manhajar odar abinci ta HungerStation daga wayarka har a gama jarabawa, katin banki ka ba abokin ɗakinka da magariba, amma ka duba wa za ka ba kar ka ba kura ajiyar nama. Dabino da laban, wato nono, su zauna kusa da kai a tebur. Tsire kuma ka ware masa daren Alhamis tunda Juma'a ba lakca, ku haɗu ku huɗu ku raba kuɗin tasi, sai dai wanda bai gama babinsa ba shi zai biya kuɗin dawowa.